Shen Kuo da Allurar da ke Nuna Kudu

Ya kai mai karatu, ɗauka a ce kana cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku. Gabas ruwa, yamma ruwa, kudu da arewa duk ruwa. Da hantsi kana iya duban rana ka gane gabas, da dare kuma taurari su yi maka jagora. To, yaya za ka yi idan hadari ya haɗu, gajimare ya rufe sama har kwana uku ko huɗu a jere? Matafiyi a kan tudu yana da dutse, yana da itace, yana da sawun waɗanda suka gabace shi, kuma in ya ruɗe yana iya tsayawa ya yi tambaya. A teku babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wannan ne ya sa a zamanin da, matuƙan jiragen ruwa da yawa ba su yarda gaɓa ta ɓace musu na tsawon lokaci.

Abin da ya kawo sauƙin wannan matsala ɗan ƙaramin abu ne: allura da aka goga wa maganaɗisu. Daga gare ta aka samu na'urar da muke kira kamfas. A wannan darasi za ka karanta tarihin mutumin da ya bar wa duniya bayanin farko cikakke game da wannan allura. Sunansa Shen Kuo, ana furta shi Shen Kwo. Mutumin ƙasar Sin ne, ya rayu daga shekarar 1031 zuwa 1095. Shen shi ne sunan gidansu, domin a al'adar mutanen Sin sunan gida ne ke zuwa da farko.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Shen Kuo a garin Qiantang, wanda a yau ake kira Hangzhou, a zamanin daular Song. Mahaifinsa ma'aikacin hukuma ne da ake yawan canja wa wurin aiki daga wannan lardi zuwa wancan. Saboda haka tun yana yaro Shen Kuo ya ga garuruwa iri-iri, da koguna, da duwatsu, da yadda mutane ke noma da sana'a a wurare daban-daban. Mahaifiyarsa kuwa mace ce mai ilimi, ita ce ta fara koya masa karatu da rubutu a gida, shi da ɗan'uwansa.

Mahaifinsa ya rasu a 1051, lokacin Shen Kuo yana da kimanin shekara ashirin. Bayan ya gama zaman makoki, sai ya kama aikin hukuma a 1054 da ɗan ƙaramin muƙami a gundumar Shuyang. A nan ya fara nuna irin basirarsa. Akwai wani kogi da ke yawan ambaliya yana lalata ƙasa. Ya shugabanci aikin yashe shi da gina madatsai da haƙa magudanan ruwa, har fadama mai faɗi da ba ta da amfani ta koma gonaki.

A wancan zamani, duk mai son babban muƙami a ƙasar Sin sai ya ci wata jarrabawa mai wuyar gaske da fadar sarki ke shiryawa. Mutane da yawa sukan tsufa suna zana ta ba su ci ba. Shen Kuo ya ci ta a 1063, kuma ba a daɗe ba ya samu aiki a Kaifeng, babban birnin daular.

A Bakin Aikin Sarki

A 1072 aka ɗora shi a kan ma'aikatar nazarin taurari, wadda ke da alhakin tsara kalanda. Abin da ya tarar a can ya ba shi haushi. Wasu ma'aikatan da ake biya domin su kwana suna duban sama ba su dubawa. Sai dai su kwafo lissafi daga tsofaffin takardu, su kawo a matsayin abin da suka gani da idonsu. Ya sallami wasu daga cikinsu, ya jawo wani gwanin lissafi mai suna Wei Pu, wanda talaka ne ba shi da muƙami, suka shiga gyaran kalanda tare. Ya kuma kyautata kayan aikin ma'aikatar, irin su agogon ruwa da sandar auna inuwa.

Ga wani aiki da ya yi a lokacin, wanda ya kamata ka riƙe domin za mu dawo kansa. Mutane sun ɗauka cewa tauraron arewa a tsaye yake cik a wuri guda, sauran taurari na kewaya shi. Shen Kuo ya riƙa leƙen tauraron ta cikin wani bututu, yana zana inda ya gan shi, dare bayan dare har tsawon wata uku. A ƙarshe ya tabbatar cewa shi ma tauraron yana yin ɗan kewaye, watau bai zauna daidai a kan arewa ta gaskiya ba. Kowa ya yarda da magana, shi kuwa sai da ya auna. Wannan ita ce ɗabi'arsa har ƙarshen rayuwarsa.

Sarki Shenzong ya amince da shi, ya riƙa ba shi ayyuka masu nauyi. A 1075 rikicin iyaka ya taso tsakanin daular Song da maƙwabciyarta ta arewa, daular Liao. Kafin a tura shi jakadanci, Shen Kuo ya shiga ma'ajiyar takardu ya tono tsofaffin yarjejeniyoyi da suka nuna inda iyakar take. Da waɗannan hujjoji ya je ya fuskanci wakilan Liao, har suka janye daga wani ɓangare na abin da suke nema. A kan hanya kuma ya riƙa lura da tsaunuka da koguna da hanyoyi, ya zo ya haɗa taswirarsu. Daga baya aka naɗa shi a kan harkokin kuɗi na daular baki ɗaya.

Faɗuwa

Zaman fada ba ya rasa makirci. A wancan lokaci manyan ƙasa sun rabu biyu. Wasu suna goyon bayan sauye-sauyen da babban waziri Wang Anshi ya kawo a harkar haraji da noma da soja, wasu kuma suna adawa da su. Shen Kuo yana cikin waɗanda suka yi aiki da Wang Anshi, wannan ya jawo masa maƙiya. A 1077 aka kai ƙararsa, aka cire shi daga muƙaminsa, aka tura shi lardi.

A 1080 aka sake nemo shi, aka ba shi riƙon yankin Yanzhou a arewa maso yamma, inda daular Song ke yaƙi da daular Xia ta Yamma. Da farko ya samu nasarori. Amma a 1082 fada ta aiko wani jami'i mai suna Xu Xi, wanda ya zaɓi wani wuri da ake kira Yongle aka gina sansani mai ganuwa. Wurin yana da babban aibi, domin samun ruwa a cikinsa yana da wuya. Mayaƙan Xia suka zo da yawan gaske suka kewaye sansanin, suka tsare hanyar ruwa. Ƙishirwa ta gallabi waɗanda ke ciki, sansanin ya faɗi, dubban sojoji suka hallaka, har da Xu Xi kansa.

Shen Kuo shi ne babban jami'in yankin, kuma bai iya kai musu ɗauki ba, don haka laifi ya faɗa kansa. Aka tuɓe shi, aka tsare shi a wani gari inda ba shi da ikon fita sai da izini. Mutumin da jiya yake shiga gaban sarki ana jin shawararsa, yau ya wayi gari a wulaƙance, yana da shekara hamsin da ɗaya. Kusan shekara shida ya yi a wannan hali.

Lambun Ƙoramar Mafarki

Bai zauna yana kukan zuci ba. Tun yana kan mulki an ba shi aikin haɗa taswirar dukan lardunan ƙasar, sai ya yi amfani da shekarun tsarewa ya kammala shi, ya aika fada. Aka yaba da aikin, aka ba shi tukwici, aka kuma yarje masa ya zauna inda ya ga dama.

Ya zaɓi wani lambu da ya saya tun shekaru da suka wuce, kusa da garin da yau ake kira Zhenjiang, a gefen kogin Yangtze. Ranar da ya fara ganin wurin da idonsa, ya tarar ya yi kama da wani wuri mai tudu da furanni da ƙorama da ya sha gani a mafarki. Saboda haka ya raɗa masa suna Ƙoramar Mafarki. A nan ya zauna nesa da fada, ba shi da abokan hira sai alƙalaminsa da tawadarsa. Wajen 1088 ya rubuta littafinsa da ake kira Mengxi Bitan, ma'anarsa hirar alƙalami daga Ƙoramar Mafarki.

Littafin ya ƙunshi gajerun bayanai fiye da 500 a kan abubuwan da ya gani ko ya ji ko ya gwada. Ya ba da labarin ƙwanson halittun ruwa da ya gani a jikin tsaunukan Taihang, nesa ƙwarai da teku, ya ce lalle wurin gaɓar teku ne a da. Ya yi bayanin gora da ta zama dutse, wadda aka tono a ƙarƙashin ƙasa a yankin da gora ba ta tsirowa, ya fahimci cewa yanayin wurin ya canja. Ya ambaci ɗanyen mai da ke tsattsafowa daga ƙasa, wanda ya yi tawada da kunkunniyarsa. Ta wannan littafi ne kuma duniya ta san wani talaka mai suna Bi Sheng, wanda ya ƙago buga littafi da haruffan yumɓu da ake jerawa, a warware, a sake jerawa. Hausawa na cewa wani hanin ga Allah baiwa ne. Da Shen Kuo ya ci gaba da hidimar fada, da wuya ya samu sukunin wannan rubutu.

Abin da Ya Rubuta Game da Allura

Ka sani cewa ba Shen Kuo ne ya ƙago allurar maganaɗisu ba, shi ma bai ce shi ne ba. Tun kafin zamaninsa mutanen Sin sun san wani baƙin dutse mai jan ƙarfe. Wani littafin dabarun yaƙi na 1044 ya yi bayanin ɗan siririn ƙarfe mai siffar kifi da ake ɗorawa a kan ruwa cikin kwano, ya juya ya nuna kudu. Akwai kuma masu duba da ke zaɓa wa mutane wurin gina gida ko haƙa kabari, waɗanda ke aiki da irin wannan allura. A wurinsu Shen Kuo ya ga abin. Su mutanen Sin suna cewa allurar kudu take nunawa, mu kuma mun saba cewa arewa. Duk ɗaya ne, domin in baki ɗaya ya fuskanci kudu, ɗayan arewa zai fuskanta.

Abin da ya yi shi ne ya lura da kyau, ya gwada, ya rubuta a fili yadda kowa zai iya maimaitawa. Ya bayyana cewa ana goga bakin allura da dutsen maganaɗisu, daga nan sai ta samu ikon nuna kudu. Sannan ya kwatanta hanyoyi huɗu na ajiye ta domin ta juya yadda take so. Ana iya ɗora ta a kan ruwa, amma ruwa yana girgiza, ba ta samun natsuwa. Ana iya ɗora ta a kan farce, ko a kan leɓen kwano. A nan tana juyawa da sauri, amma wurin yana da santsi, tana saurin faɗuwa. Hanyar da ya ga ta fi ita ce a samo silin zaren siliki sabo guda ɗaya, a manna shi a tsakiyar allurar da ɗan kaki mitsitsi, a rataye ta inda babu iska.

Sai kuma maganar da ta fi kowace muhimmanci. Ya lura cewa allurar ba ta nuna kudu daidai wa daida. Kullum tana ɗan karkata zuwa gabas. Ka tuna mutumin da ya yi wata uku yana bin tauraron arewa? Wanda ya saba auna kudu da arewa ta gaskiya da inuwa da taurari shi ne zai iya kama wannan ɗan bambanci. Game da dalilin da ya sa maganaɗisu ke yin haka kuwa, bai ƙirƙiro amsa don a ce ya sani ba. Ya rubuta abin da ya gani, ya nuna cewa sababin ya gagare shi.

Kila ka ce mene ne abin damuwa a ɗan karkata kaɗan? Bari mu yi lissafi. Da'ira tana da digiri 360. Idan jirgi ya kauce wa hanyarsa da digiri ɗaya tak, bayan tafiyar kilomita 60 zai tsinci kansa kimanin kilomita ɗaya daga inda ya nufa. Idan kaucewar digiri 5 ce, tafiyar kuma kilomita 1,000, zai kuskure da kusan kilomita 87. Wannan ya isa ya sa jirgi ya wuce tsibirin da zai sha ruwa bai gan shi ba, ko ya afka wa duwatsu cikin dare. Matuƙin da bai san allurarsa na karkata ba yana tafe ne da amintaccen jagora mai ɗan kuskure, rayukan mutane kuma suna hannunsa.

Daga Lambu Zuwa Teku

Shen Kuo bai yi maganar jiragen ruwa a bayaninsa ba, amma ba a daɗe ba allurar ta bayyana a teku. Wani marubuci mai suna Zhu Yu, wanda mahaifinsa ya yi aiki a Guangzhou, babbar tashar jiragen ruwa, ya bayyana a littafinsa na wajen 1119 cewa matuƙa suna bin taurari da dare, suna bin rana da yini, in sama ta rufe kuma sai su dubi allura mai nuna kudu.

A Turai, wani malami ɗan Ingila mai suna Alexander Neckam ya ambaci allurar matuƙa wajen 1190. A ƙasashen Musulmi, wani malami a Alƙahira mai suna Bailak al-Kibjaki ya rubuta a 1282 yadda ya ga matuƙa suna aiki da allura a kan ruwa, a wata tafiya da ya yi zuwa Iskandariya shekara 40 kafin nan. A ƙarshen wannan ƙarni kuma Sarkin Yaman al-Ashraf Umar ya yi bayanin yadda ake gano alƙibla da ita. Tsakanin 1405 da 1433 manyan jiragen ƙasar Sin ƙarƙashin Zheng He suka ratsa tekun Indiya da taimakon kamfas, har suka kai gaɓar gabashin Afirka. A ƙarni na 15 ɗin ne kuma jiragen Turawan Fotugal, su ma ɗauke da kamfas, suka iso gaɓar tekun da ke kudancin Nijeriya ta yau. Hanyar da suka buɗe ta kawo ciniki, ta kuma kawo bala'in cinikin bayi. Na'ura tana nuna hanya ne kawai, abin da za a je a aikata yana ga mai tafiyar.

Tambayar da ta gagari Shen Kuo ta jira fiye da shekara 500. A 1600 wani likita ɗan Ingila, William Gilbert, ya nuna cewa ita kanta duniya wani ƙaton maganaɗisu ce, shi ya sa take juya allura. Daga baya aka gane cewa arewar da maganaɗisun duniya ke ja ba ta zo daidai da arewa ta gaskiya ba, kuma tana matsawa sannu a hankali. A 1831 an same ta a arewacin Kanada, a yanzu kuwa ta doshi wajen Saiberiya. Shi ya sa karkatar allura ta bambanta daga wuri zuwa wuri, da kuma daga zamani zuwa zamani. Har gobe taswirar matuƙa tana ɗauke da adadin wannan karkata domin su gyara lissafinsu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Shen Kuo bai sake riƙe babban muƙami ba. A shekarunsa na ƙarshe ya yi fama da rashin lafiya, ya rasu a 1095 yana da kimanin shekara 64. Daular da ya yi wa hidima ta shuɗe, iyakar da ya kare ta goge, sansanin da ya jawo masa faɗuwa ya zama kufai. Littafin da ya rubuta lokacin da duniya ta juya masa baya kuwa har yau ana karanta shi.

Manyan jiragen da ke shigowa tashar Apapa a Legas suna da na'urorin zamani masu aiki da tauraron ɗan'adam, amma duk da haka ba su rabuwa da kamfas na maganaɗisu, domin shi ba ya bukatar lantarki. Wataƙila ma akwai kamfas a cikin wayar hannu da ke gidanku. In ka buɗe shi ka ga alama tana juyawa tana neman arewa, ka tuna da dattijon da ya rataye allura da silin siliki a ɗakin da babu iska, ya zuba mata ido har ya gane tana ɗan karkata, ya kuma rubuta daidai abin da ya gani.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Maganaɗisu: dutse ko ƙarfe mai jan wani ƙarfe zuwa gare shi.
Gaɓa: bakin kogi ko teku, inda ruwa ya haɗu da tudu.
Taswira: zanen da ke nuna garuruwa da koguna da hanyoyi.
Sansani: wurin da mayaƙa suka yi zango.
Ƙorama: ƙaramin rafi mai gudu.
Kunkunniya: baƙin da hayaƙi ke bari a jikin abu.
Kufai: wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Shen Kuo, kuma a wace shekara?
2. Wane hali ya tarar da ma'aikatan nazarin taurari a ciki? Me ya yi a kai?
3. Me ya faru a Yongle a 1082?
4. Kawo hanyoyi huɗu na ajiye allurar maganaɗisu. Wace ce ta fi, kuma don me?
5. Me ya sa sanin karkatar allura yake da muhimmanci ga matuƙin jirgin ruwa?
6. Yaya karin maganar da aka kawo a wannan darasi ya dace da rayuwar Shen Kuo?

Aiki

Samo allura, da ɗan maganaɗisu irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifika, da busasshen ganye, da kwanon roba cike da ruwa. Goga allurar da maganaɗisun ta fuska ɗaya kamar sau talatin, ka ɗora ta a kan ganyen, ka sa shi a tsakiyar ruwan. Nisantar da maganaɗisun da duk wani ƙarfe daga wurin. Juya ganyen da yatsa, ka sake shi, ka maimaita sau uku. Rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da ka gani.